Baba Andrawus Ya Tantance Wasanni Uku

Shekara talatin da biyar Andrawus ya yi yana aikin gwamnati, ashirin daga ciki a sashen tantance ma'aikata. Aikinsa shi ne ya tabbatar cewa duk sunan da ke cikin fayil akwai mutum a bayansa, mai hanci da kunnuwa, wanda zai iya tsayawa gaban tebur ya ce ga ni. Ya taɓa sa an ɗauko wani masinja daga gadon asibiti, da robar ƙarin ruwa a hannunsa, don kawai a gan shi. Har yau yana ba da wannan labari da alfahari, kuma har yau bai lura da yadda masu sauraro ke kallonsa ba.

Da ya yi ritaya ya koma gidansa na Ketaren Gwari, sai ya tarar babu abin tantancewa a gida. Matarsa Christiana tana nan, ya gan ta da idonsa. Wata uku yana bin ta daga ɗaki zuwa kicin yana tambayar wa ya ba da izinin mayar da gishiri cikin gwangwanin madara, har ta gaji ta fita da kanta ta nemo masa abin yi.

Abin yin kuwa ƙungiyar Rachael ce. Rachael 'yar cocinsu ce, tana da shagon buga takardu da fotokwafi a Sauka Kahuta. A bayan shagon akwai wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya, kujerun roba shida, da intanet da ke sumewa idan mutum na bakwai ya hau. Duk Asabar da safe mutum shida suke zama a nan suna zuba bayanai cikin wani babban rumbu na intanet, wanda mutanen duniya ke cikawa tare, kowa da abin da ya sani, ba a biyan kowa. Wannan bai dami Andrawus ba. An ba shi kujerar da ke kusa da fanka, an naɗa shi sakatare, ana ce masa Baba Sakatare. Rabon da ya ji wani muƙami manne da sunansa tun ranar walimar sallama.

Doka ɗaya ƙungiyar take da ita mai haƙori: aiki hamsin a wata. Wanda ya gaza ya tashi, ya ba wani kujera. Kuma akwai wanin. Sunansa Philip, malamin lissafi a wata sakandare, wata huɗu ke nan yana zuwa duk Asabar ya jingina da ƙofa, yana gaishe da kowa cikin ladabi yana duba lafiyar tsofaffin cikinsu.

A watan da aka yi makarantun firamare na jihar, Andrawus ya shigar da hamsin da biyu, kuma kowace sai da ya hau acaba ya je ya ga ginin, ya gaisa da hedimasta. A watan kasuwanni ma haka. Sai ga wannan wata.

"Wannan karon wasannin kwamfuta ne," in ji Rachael, tana juyo musu da fuskar kwamfutarta. "Gem, irin wanda ake bugawa. Akwai wani babban kanti a intanet da ke sayar da su, kowane wasa da lambarsa. A rumbu kuma akwai sunayen wasanni dubbai da ba a sa musu lambar kanti ba. Za ka buɗe shafin wasan a kantin, ka kwafi lambar, ka zuba a gurbinta. Shi ke nan. Minti ɗaya."

Aishat, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma ta fi kowa saurin hannu, har ta gama biyu kafin Rachael ta rufe baki.

Andrawus ya ɗaga biro. "Shugaba, ina da tambaya. Wa ya ga wasan?"

"Wane irin gani, Baba?"

"Gani da ido. Kin ga suna, kin ga lamba, kin ga hoto. Ni ma'aikatan bogin da na kama duk suna da suna da lamba da hoto. Wasu hotonsu ya fi na masu rai kyau."

"Baba, kanti ne na duniya. Ba za su sa wasan da babu shi ba."

"Haka kowace ma'aikata take faɗa a kan kanta."

Rachael ta ce ya yi yadda ya ga dama, amma ya tuna da hamsin. A bakin ƙofa Philip ya gyara tsayuwa.

Ran Litinin da safe Andrawus ya sa rigarsa mai dogon hannu, ya ɗauki fayil, ya hau keke napep zuwa Kpakungu. A can wani mutum mai suna Gideon, tsohon makanikin janareta da ciwon baya ya raba da sana'a, yake da shagon buga gem: kwamfuta biyar da kujerunsu, benci biyu, da labule mai hoton zaki. Da safe shagon fayau yake. Andrawus ya yi masa bayani dalla-dalla. Zai buɗe wasa, ya buga shi daga farko har ƙarshe, sannan ya shigar da lambarsa. Fayil ba ya rufuwa sai an kai shafin ƙarshe.

Gideon ya dube shi, ya dubi fayil ɗin. "Oga, hamsin ka ce?"

"Hamsin."

"A wata ɗaya."

"Na yi makarantu hamsin da biyu a kan acaba, da damina."

"To, zauna a lamba uku. Shi ne kujeransa bai karye ba."

Wasan farko na tseren motoci ne. Andrawus, wanda ya yi shekara talatin yana tuƙi bai taɓa goge ko akuya ba, ya ƙi wuce gudun da doka ta yarda da shi a cikin gari. A kowane zagaye shi ne na ƙarshe, wasan kuma ba ya barin na ƙarshe ya wuce gaba. Kwana biyar suna wannan jayayya. A rana ta shida ya ce Allah ya gafarta masa, ya taka totur. Da rubutu ya fara hawa allo alamar an gama, ya buɗe fayil ya rubuta: an gani, yana nan, yana aiki. Ya shigar da lamba ɗaya.

Na biyu na jera duwatsu masu launi ne, ya ci kwana uku. Na uku na yaƙi ne. Wannan ya gama shi cikin kwana huɗu, ya dawo gida, ya zauna gaban tuwo bai taɓa ba.

"Baban Hope, lafiya?" in ji Christiana.

"Maman Hope, yau na kashe mutum ɗari uku da goma sha ɗaya."

"A ina?"

"Kpakungu."

Ta ajiye ludayi. Ta san mijinta shekara talatin da ɗaya, ta san ko sauro sai ya yi masa gargaɗi sau biyu. "A kwamfutar Gideon?"

"Ba ni na fara ba. Su suka fara harbi."

"To ci abincinka. Kuma kar ka je ka faɗa a taron dattawan coci, ka ji ni? Matar dattijo Yona ta riga ta tambaye ni wai me kake yi a shagon gem kullum da fayil. Na ce bincike gwamnati ta sa ka."

"Ƙarya kika yi."

"Gaskiyar ce ba ta faɗuwa."

Wasa na huɗu shi ne ya karya lissafi. Na kiwon kaji ne, wani mutum can wata ƙasa mai sanyi ya ƙirƙira shi, da alama bai taɓa riƙe kaza mai rai ba, domin kajin ba sa wari kuma ba sa shiga gidan maƙwabta. Ana ba ka kaza biyu. Ka ba su tsaba, su yi ƙwai, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ka faɗaɗa akurki. Andrawus ɗan manoma ne daga kudancin Kaduna, nan take ya ji ya dawo gida. Kwana uku yana da kaji arba'in. Kwana bakwai yana da ɗari shida da injin niƙa. Kwana goma sha ɗaya yana fitar da ƙwai zuwa ƙasashen waje a jirgin ruwa, kuma har yanzu rubutun ƙarshe bai hau allo ba.

"Gideon, yaushe wannan yake ƙarewa?"

Gideon yana cin ƙosai, ya matso. "Wanne? Na kaza? Ai ba ya ƙarewa, Oga."

"Kamar yaya ba ya ƙarewa?"

"Haka aka yi shi. Akwai wani tela a layin nan, shekara biyu yana bugawa. Kazansa ya kai miliyan."

"Kuma ka zuba mini ido kwana goma sha ɗaya?"

"Na ga kana jin daɗi. Jiya har waƙa kake musu."

Ranar Alhamis ce. Asabar za a yi ƙidaya. Andrawus yana da uku, da na huɗu wanda a bisa ƙa'idarsa ba za a iya rufe fayil ɗinsa ba har tashin duniya. A keke napep ɗin komawa gida bai yi wa direba gyaran tuƙi ko sau ɗaya ba. Yana ta ganin kujerar kusa da fanka, da Philip a kanta ya miƙe ƙafa. Yana ganin kansa kuma a kicin, yana tambayar gishiri.

Da yamma Christiana ta same shi a tsakar gida ya tasa kwamfutar cinyarsa gaba kamar mai zaman makoki.

"Ka yi yadda sauran suke yi mana," ta ce. "Kwafa, zuba. Aishat ma'aikaciyar asibiti ce, ba ta fi ka rashin tsoron Allah ba."

"In sa hannu a kan abin da ban gani ba?"

"Ka taɓa ganin Urushalima? Kullum kana karanta ta a coci da babbar murya."

"Wannan daban."

"Ni dai abin da na sani, in aka karɓe kujerar nan, ba za ka dawo mini kicin ba. Ka nemi wata bishiyar ka zauna."

Ran Juma'a da safe, bayan ya yi addu'a mai tsawo wadda rabinta bayani ne, Andrawus ya buɗe kantin, ya buɗe rumbun, ya fara kwafa. Abin da ya fi ɓata masa rai shi ne sauƙin abin. Kafin shayinsa ya huce ya yi goma. Ƙarfe goma da rabi ya cika arba'in da bakwai. Sai dai hannun da ya yi shekara ashirin yana tantancewa ba ya sa lamba tsirara. A cikin gurbin, bayan kowace lamba, ya ƙara da Turancinsa na ofis cewa ba a gani da ido ba. Ya rufe kwamfuta da zuciya rabi fara, ya je wanka.

Da ya dawo ya duba, babu ko ɗaya. An share arba'in da bakwai ɗin duka, cikin minti guda. A gefen kowace an sa sunan wanda ya share, wani mai suna da harufa da lambobi a cakuɗe, da gajeren bayani cewa gurbin lamba ba ya karɓar komai sai lamba.

Andrawus ya sa tabarau. Wani ƙaramin jami'i, wanda ko cikakken sunansa bai iya rubutawa ba, ya shiga fayil ɗinsa ya cire takardu arba'in da bakwai, ba sallama, ba takardar sanarwa. Ya nemo shafin da ake barin wa mutumin saƙo, ya rubuta masa wasiƙa: Zuwa ga jami'in da abin ya shafa. An umarce ni in jawo hankalinka. Ya nemi bayani cikin awa ashirin da huɗu. Sannan ya mayar da arba'in da bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowace da bayaninta.

Kafin ya kai kofin shayi kicin an sake sharewa.

Wasiƙa ta biyu takardar tuhuma ce. Ta uku gargaɗi ne na farko kuma na ƙarshe. Ya tambayi jami'in matakin albashinsa da sunan mai gidansa a ofis. Jami'in bai amsa ba, wanda hakan ya tabbatar wa Andrawus irin tarbiyyar da ya samu. Ya mayar da lambobin karo na uku, yana buga madannai da ƙarfi har Christiana ta leƙo ta taga.

"Da wa kake faɗa?"

"Wani yaro a Turai. Bai san da wa yake yi ba."

An share. Ya rubuta ta huɗu, ya rubuta ta biyar, a cikinta ya sanar da jami'in cewa zai ba da shawarar a yi masa canjin wurin aiki zuwa ƙaramar hukuma mafi nisa, inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa. Daga nan aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar ya mutu, aka tashi a haka. Uku yake da su, kamar yadda ya wayi gari.

Ran Asabar ya sa kwat ɗin da ya sa ranar sallamarsa daga aiki. Ya isa Sauka Kahuta kafin kowa, ya zauna kusa da fanka, ya shafa hannun kujerar. Philip ya zo da sabuwar riga da kwamfutarsa a jaka, ya gaishe shi har da rusunawa.

"Baba Sakatare, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki lafiya lau, Malam Philip. Na gode da kulawar da kake yi masa."

Da aka cika, Rachael ta buɗe allon ƙidaya, shafin da ke nuna aikin kowane mamba a wata. Ta karanto daga ƙasa. Mutum uku sun wuce hamsin da ƙyar. Ita tana da casa'in da shida. Aishat ɗari da ashirin. Sai ta matso da fuskarta kusa da allon.

"Baba Andrawus, ɗari da arba'in da tara."

"Uku," in ji Andrawus.

"Ɗari da arba'in da tara aka rubuta. Kai ne na ɗaya."

Aishat ta jawo kwamfutar gabanta, ta bi jerin da yatsa, ta fara dariya ba sauti, kafaɗunta kawai ke rawa. "Anti Rachael, allon nan duk taɓawar da mutum ya yi yake ƙirgawa. Baba ya zuba arba'in da bakwai sau uku. Ga ukunsa na gaskiya. Ga kuma wasiƙu biyar." Ta buɗe ɗaya, ta karanta, ta kifa kai a tebur. "Wayyo Allah. Baba, wa ka rubuta wa wannan?"

"Wani marar kunya."

Rachael ta leƙa. "Baba, wannan ba mutum ba ne. Na'ura ce. An saita ta ne ta riƙa zagayawa, duk inda ta ga rubutu a gurbin lamba ta share. Ba ta karatu."

"Na lura ba ya karatu."

"Ba ta da mai gida a ofis. Ba ta da ofis."

Andrawus ya juya wannan a ransa. Bai ga ya canza komai ba a kan ladabi. Amma akwai abin da ya fi wannan girma, sai ya miƙe ya gyara kwat.

"Shugaba, ina ƙalubalantar sakamakon nan. Wasa uku na tantance. Sauran babu su a rumbu, an share. Wannan adadi na ƙarya ne, kuma ina neman a cire ni."

"Ina goyon baya," in ji Philip daga ƙofa.

"Malam Philip, kai ba mamba ba ne, ba ka da bakin goyon baya," in ji Rachael. "Baba Sakatare, karanto mana dokar."

Andrawus ya buɗe littafin ƙungiya. Rubutunsa ne, shi ya tsara dokar da hannunsa wata takwas da suka wuce, ya kuma ja layi a ƙarƙashinta da jan biro. Ya karanta a hankali: kowane mamba zai yi aiki hamsin a wata, kamar yadda allon ƙidaya ya nuna, kuma ba za a karɓi wata hujja ba bayan allon.

"Wa ya ƙara wannan na ƙarshen?" in ji Aishat.

"Ni. Don kar mutane su riƙa kawo uzuri."

"To ga shi ka kawo uzuri, ba a karɓa ba."

"A gyara dokar."

"Karanto yadda ake gyara doka," in ji Rachael.

Bai buƙaci ya duba ba. Sanarwa a rubuce, sati huɗu kafin zama, da amincewar mutum biyar cikin shida, kuma gyara ba ya komawa baya. Shi ya rubuta wannan ma. A lokacin har ya yi musu bayanin cewa da haka ake hana 'yan son rai wasa da tsari.

Ya tsaya da littafi a hannu. Bai taɓa cin abin da bai cancanta ba, kuma bai taɓa karya doka rubutacciya ba, yau ga shi dole ya zaɓi ɗaya. Fanka tana kaɗa masa bayan wuya. Ya zauna.

"A rubuta cewa na zauna ba da son raina ba."

"Kai ne mai rubutawa, Baba."

Philip ya saɓa jakarsa. Ya ce shi malamin lissafi ne, shekara goma sha biyu yana koyarwa, bai taɓa ganin inda uku ta fi ɗari da ashirin ba sai a Sauka Kahuta. Ya ce a gaishe da mutanen gida. A bakin ƙofa ya juyo ya tambayi Aishat, ƙasa-ƙasa, wane irin rubutu ne daidai na'urar ba ta so.

Ana shirin komawa aiki sai Rachael ta ce, "Af. Ga saƙo ya shigo shafin ƙungiya." Daga matar da ta ƙera na'urar ne, wata injiniya a can ƙasar da rana ba ta cika fitowa. Rachael ta fassara musu. Matar ta ce ta ga wasiƙu biyar, ta karanta su sau biyu, ta kuma nuna wa abokan aikinta. Tana ba da haƙuri idan an ɓata wa wani rai. Tana roƙon a daina sa rubutu a gurbin lamba, akwai wani gurbi daban na ƙarin bayani. Sannan tana tambaya, don Allah, mece ce ƙaramar hukuma, kuma me zai sami na'urarta idan aka kai ta can.

Duk suka juyo suna kallon Andrawus. Ya cire tabarau, ya goge da gefen kwat, ya mayar.

"Ki gaya mata, tunda ta rubuto cikin ladabi, an janye maganar canjin wurin aiki," ya ce. "Amma gargaɗin yana nan."